Tambaya da Amsa: Neman Zaki da Damisa a Gandun Daji

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni da maiɗakina mun yi niyyar tafiya hutun kwana biyar a ɗaya daga cikin manyan gandayen dajin Afirka, kuma babban abin da ke ranmu shi ne mu ga zaki da damisa da idonmu a inda Allah ya ajiye su. Sai dai wani abokina da ya riga mu zuwa ya dawo yana ƙorafi, wai kwana biyu aka yi ana yawo da shi a mota, ko wutsiyar damisa bai gani ba, zakin da ya gani kuwa a kwance yake kamar matacce. Shin abin sa'a ne kawai, ko akwai dabarar da ake bi? Ina ya fi dacewa mu nufa, kuma a wane lokaci?
Daga wani mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sa'a tana da nata rabo, domin gandun daji ba gidan zu ba ne, babu wanda ya isa ya yi maka alkawarin cewa dabba za ta tsaya jiranka. Amma mafi yawan abin da mutane ke kira rashin sa'a, idan ka bi diddigi, za ka tarar rashin sanin halin dabbar ne da kuma gajen haƙuri.

Zakin da abokinka ya gani a kwance bai saɓa wa ɗabi'arsa ba. Zaki yakan shafe awa 18 zuwa 20 a yini yana hutawa, kuma yawancin farautarsa da dare ne ko da asuba, lokacin da iska ta yi sanyi. Wanda ya jira sai hantsi ya ɗaga sannan ya shiga mota, ba abin da zai tarar sai manyan dawa a miƙe cikin inuwa suna kore ƙuda da kunne. Da sanyin safe ake kama fara, saboda haka ku kasance cikin mota tun kafin rana ta fito, ku dawo masauki idan zafi ya fara, sannan ku sake fita daga misalin ƙarfe huɗu na yamma har zuwa lokacin da dokar gandun ta ce a koma. Rurin zaki yana kaiwa nisan kilomita 8, shi ya sa ƙwararren ɗan jagora yake kasa kunne cikin dare, gari na wayewa ya riga ya san gefen da zai nufa.

Damisa kuwa ba a banza aka yi mata kirari da ƙi-sabo ba. Ita kaɗai take rayuwa, tana son manyan itatuwan bakin rafi da tsakanin duwatsu, kuma idan ta yi kamu takan haye da naman kan reshe domin ta tsira daga kura da zaki, ko da abin da ta kama ya kai nauyinta. Kuskuren baƙo shi ne neman damisa sukutum guda. Abin da ake nema shi ne wutsiya mai farin baki tana lilo daga reshe, ko ƙafar barewa tana reto a inda barewa ba ta isa ta hau da kanta ba. Duk itacen da aka ga nama a kansa, mai naman ba ta yi nisa ba, kuma za ta dawo.

Akwai ta uku da ba ka ambata ba, wato rabbi, wadda masu yawon daji suka fi sani da cita. Mutane da yawa suna ɗaukarta damisa ce, alhali ta fi damisa tsawon ƙafa da sirantaka, ɗigon jikinta baƙi ne cikakke ba mai zobe ba, kuma tana da baƙin layi daga ido zuwa gefen baki kamar sawun hawaye. Ita da rana take farauta a fili fetal, takan hau kan suri ta zauna tana hangen barewa, kuma gudunta yana kaiwa kusan kilomita 100 a awa, sai dai ba ta iya riƙe shi fiye da 'yan mitoci ɗari kaɗan.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi komai muhimmanci, wato karanta daji. Waɗannan dabbobi an halicce su ne domin su ɓace wa ido, amma maƙwabtansu ba sa rufa musu asiri. Idan ka ga raƙuman dawa huɗu ko biyar sun daina cin ganye duk sun ƙura wa wuri ɗaya ido, ka bi inda suke kallo. Idan gwaggon biri ya shiga haushi ba ƙaƙƙautawa daga saman itace, ko barewa ta tsaya cak tana huci da hanci, ko zabi suka ɓarke da kuka, to akwai abin da suka gani. Ungulaye a jere kan busasshen itace, sun ƙi sauka ƙasa, alama ce cewa mai mushen yana kansa har yanzu. Ƙasa ma tana magana, domin sawun zaki da na damisa ba ya nuna farce, kuma bayan tafin yana da lanƙwasa uku, na kura kuwa biyu ne, ga farce a fili. Sawun da ya hau kan sawun tayar motar da ta wuce jiya da yamma, ka tabbata na daren nan ne.

Ba zan manta da wata safiya ba da ɗan jagoranmu ya tsayar da mota a bakin wani busasshen rafi, ya kashe inji, ya ɗaga mana hannu mu yi shiru, saboda birai sun tayar da hayaniya a ƙetare. Muka zauna fiye da rabin awa, motoci biyu suka zo suka tambaya suka wuce, har wasu a cikinmu suka fara gunaguni. Can sai ya nuna wani reshe da leɓe, ni kuwa sai da na ɗora tabarau mai hangen nesa sannan na gane cewa abin da na ɗauka inuwar ganye ce tun ɗazu, ashe damisa ce kwance ruf da ciki, ƙafafunta huɗu suna reto. Da rana ta taɓa ta sai ta yi hamma, ta miƙe, ta sauko da kai ƙasa kamar ruwa yana gangarowa, ta shige ciyawar da ba ta wuce gwiwa ba, daga nan ba wanda ya sake ganinta.

Game da wuri, idan zaki da rabbi ne gaba a ranku, filayen Masai Mara a Kenya da Serengeti a Tanzaniya sun fi sauƙi, domin daji ne guda da iyakar ƙasa ta raba, ciyawa ce shimfiɗe ido na kaiwa nesa. Mara ba ta wuce murabba'in kilomita 1,500 da 'yan kai ba, Serengeti kuwa ta kusa ninka ta goma. Daga Yuli zuwa Oktoba garken wata dabba mai kama da siririyar ɓauna, wadda mutanen yankin ke kira nyumbu, su fiye da miliyan ɗaya, sukan kwararo arewa zuwa Mara tare da jakunan dawa. A watan Fabrairu kuma suna kudancin Serengeti, wajen Ndutu, suna haihuwa, kuma inda ƙananan 'ya'ya suka yi yawa nan masu cin nama ke taruwa. Idan damisa ce ta fi tsaya muku a rai, Sabi Sand da ke jikin gandun Kruger a Afirka ta Kudu da kuma Luwangwa ta Kudu a Zambiya su ne suka yi suna, kuma a can ana halatta fitar dare da fitila. A waɗannan wurare lokacin rani, daga Mayu ko Yuni zuwa Oktoba, shi ne ya fi, domin ciyawa ta kwanta, dabbobi kuma dole su zo mashaya.

Shawarata a kan kwana biyar ɗin nan ita ce ku zauna a gandu ɗaya, ku riƙe ɗan jagora ɗaya, kada ku yarda a raba muku su gida uku, domin rabin hutun zai ƙare ne a kan hanya.

TAMBAYA: Malam, ɗana yana son ganin damisar nan mai ratsin baƙi da ja da ake nunawa a talabijin. A Kenya ake samunta ko a Tanzaniya?
Daga wata mai karatu

AMSA: Hajiya, ba a samunta a ko ɗaya daga cikin biyun. Wannan dabba, wadda aka fi sani da taiga, ta nahiyar Asiya ce, babu ita a dajin Afirka, kuma sunan damisa da muke haɗa su a kai ne yake kawo ruɗani. Indiya ce ke da mafi yawansu, inda ƙidayar 2022 ta nuna sun haura 3,000, kuma gandayen Ranthambore da Bandhavgarh da Kanha suna cikin wuraren da aka fi ganinsu, musamman a watannin zafi na Afrilu da Mayu lokacin da suke yawan zuwa bakin ruwa.

TAMBAYA: Na ga motocin da ake shiga dajin da su a buɗe suke, ba gilashi ba ƙofar kirki. Malam, me zai hana zaki ya yi tsalle ya shigo?
Daga wata mai karatu

AMSA: Tsoronki a kan hanya yake, 'yar'uwa. Zakunan waɗannan gandaye sun tashi suna ganin mota tun suna 'yan ƙanana, sun ɗauke ta wani ƙaton abu guda wanda ba abinci ba ne kuma ba ya cutar da su, shi ya sa za ki ga zakanya ta bi ta gefen taya ko kallon mutanen ciki ba ta yi ba. Wannan sabo yana nan ne muddin mutum bai fito da siffarsa daga jikin motar ba. Wanda ya miƙe tsaye farat ɗaya, ko ya zuro hannu waje, ko ya yi ihu domin dabbar ta juyo a ɗauki hoto, shi ne ya nuna mata cewa akwai mai rai a ciki. Sauka daga mota kuwa haramun ne sai a wuraren da aka keɓe, kuma a gandaye irin su Kruger, inda mutum ke iya tuƙa motarsa da kansa, doka ta ƙayyade gudu zuwa kilomita 50 a awa a kan kwalta da 40 a kan burji. Idan da yara ƙanana za ki je, ki tambayi masaukin tun kafin ki kama ɗaki, domin da yawa suna da ƙa'idar shekaru a kan buɗaɗɗiyar mota. Masaukin da ba shi da shinge kuma, kada kowa ya fita daga tanti da dare sai da ɗan rakiya.

TAMBAYA: Malam, mun tarar da rabbi da 'ya'yanta uku a can cikin ciyawa, na roƙi direbanmu ya bar hanya ya matsa kusa, har na yi masa alkawarin ihsani, amma ya ƙi. Ashe ba don ganin dabbobin muka ɗauke shi ba?
Daga wani mai karatu

AMSA: Alhaji, ka yi haƙuri, amma a wannan magana ina bayan direban, kuma ina ganin ka dace da mutumin kirki. A mafi yawan gandayen gwamnati barin hanya laifi ne da ke jawo wa direba tara, wani lokaci ma a hana shi shiga gandun, ka ga ihsanin yini ɗaya ba zai maye masa hanyar abincinsa ba. A wasu sassan Masai Mara doka ta hana fiye da mota biyar taruwa a kan dabba ɗaya, ta kuma hana matsawa kusa da mita 25.

Dalilin dokar ya fi dokar nauyi. Rabbin da suka rage a daji a duk duniya ba su wuce kimanin 7,000 ba, kuma uwa ita kaɗai take renon 'ya'yanta, ba uba ba dangi. Tunda da rana take farauta, lokacin neman abincinta ya yi daidai da lokacin yawon baƙi, to idan motoci suka yi mata zobe, barewar da ta yi awa guda tana lallaɓawa sai ta firgita ta gudu, uwa da 'ya'ya su kwana da yunwa. Kura ma ta koyi cewa inda motoci suka taru akwai nama, ita kuwa rabbi ba ta da ƙarfin kare abin da ta kama, sai ta bar shi ta tsira da 'ya'yanta. Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan muni, domin jariran rabbi a cikin doguwar ciyawa ake ɓoye su, direba ba zai gan su ba sai taya ta bi ta kansu. Wani bincike da aka wallafa a 2018 a kan rabbin Masai Mara ya gano cewa iyayen da ke zaune a wuraren da motocin baƙi suka yi yawa ba sa samun rainon 'ya'ya su girma kamar waɗanda ke wuraren da ba cunkoso.

Idan ka sake samun irin wannan dama, ka ce wa direba ya tsaya a kan hanya daga gefen da rana ke bayanku, ya kashe inji, kowa ya riƙe tabaransa mai hangen nesa. Uwar da ba a takura mata ba takan ci gaba da harkarta, ta hau suri, ta kira 'ya'yan da wani siririn kuka mai kama da na tsuntsu, kuma sau da yawa ita da kanta take ratsowa ta gaban motar da ta tsaya shiru. Idan kuwa hoto na kusa ne ya dame ka, akwai gandaye masu zaman kansu a kewayen Mara da kuma Sabi Sand inda ake barin mota ta sauka daga hanya bisa ƙa'ida, da ƙayyadadden adadin motoci a kan kowace dabba, sai ka nemi masauki a irinsu tun daga farko.