Matata ta ce kakanninta 'yan Suwidin ne na farko a Amurka, ta ina za mu fara bincike?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina zaune a Filadelfiya, matata Ba'amurkiya ce sunan gidansu Yocum, kakarta kullum sai ta ce su jikokin 'yan Suwidin ne da suka riga Turawan Ingila zuwa yankin. Wai Suwidin ta taɓa mulkin mallaka a nan? Kuma ya za a yi mu tabbatar saboda yaranmu?

Amsa: Barka kadai ɗan'uwa. Kaka ba tatsuniya take muku ba, an yi mulkin, sai dai bai yi tsawon rai ba, shekara 17 ne kacal. A watan Maris 1638 jiragen ruwa biyu, Kalmar Nyckel da Fogel Grip, suka shigo kogin Delaware ƙarƙashin Peter Minuit, suka kafa sansani suka sa masa sunan sarauniyarsu Christina, wurin da yanzu garin Wilmington yake, daga inda kake ko awa ɗaya ba za ka yi a mota ba. A 1655 gwamnan 'yan Holan Peter Stuyvesant ya zo da sojoji ya karɓe, Ingila kuma ta ƙwace daga hannun Holan a 1664. Tuta ta sauya amma mutanen ba su koma ba, suka ci gaba da nomansu da yarensu.

To sunan Yocum yana cikin sunayen wancan zamanin kam, daga wani soja ne Peter Jochimsson da ya zo a 1643 tare da gwamna Johan Printz, kuma abin dariyar shi kansa mutumin Holstein ne, yankin da yanzu yake arewacin Jamus, ba haifaffen Suwidin ba. Amma kar ku yi saurin yanka rago, don akwai Jamusawa da suka zo daga baya masu suna irin wannan, su ma bakin Turawan Ingila ya murɗe shi ya koma haka. Suna shi kaɗai ba hujja ba ne.

Abin da ke wahalar da masu wannan bincike mu Hausawa mun san shi sarai, mutanen nan da sunan uba suke amfani, kamar yadda ɗan Musa Ibrahim zai zama Audu Musa jikan kuma ya zama Sani Audu, haka ɗan Peter sai ya zama Petersson, to ka ga cikin zuriya uku sunan farko ya ɓace, sai daga baya suka tsaya kan suna ɗaya kuma magatakardan Ingila suka rubuta yadda kunnensu ya ji, Bengtsson ya koma Bankson, Kyn ya koma Keen, Mårtensson ya koma Morton, kuma daga gidan ne John Morton da ya sa hannu a takardar 'yancin kan Amurka a 1776 ya fito.

Shawarata kar ku fara daga 1643 kuna gangarowa, wannan ne kuskuren da kowa ke yi, sai mutum ya maƙala kansa a bishiyar da ba tasa ba. Ku fara daga madam ku yi baya, takardar haihuwarta, ta babanta, takardar aure da ta mutuwa, kowane mataki da shaidarsa. Ku zaunar da kaka tun tana da ƙarfi ku ɗauki muryarta a waya. Ƙidayar Amurka za ta taimaka, amma sai daga 1850 aka fara rubuta sunan kowa a gida, kafin nan maigida kawai, ta 1890 kuwa gobara ta cinye yawancinta. Daga nan sai wasiyyoyi da takardun filaye da rajistar coci.

Inda kuke so ku isa shi ne jerin 1693. A shekarar mutanen suka rubuta wasiƙa gida Suwidin suna roƙon a turo musu fastoci da littattafai, suka haɗa da sunayen magidanta da yawan mutanen kowane gida, mutum wajen dubu. Marigayi Peter Craig, wani mai binciken tarihin zuriyar mutanen nan, ya bi jerin gida-gida ya fitar da wa ya haifi wa. Fastocin sun iso 1697, shi ya sa rajistar cocin Holy Trinity ta Wilmington da Gloria Dei da ke nan garinku suke da daraja, ita Gloria Dei tun 1700 take tsaye, ka kai yara su gani. Akwai kuma ƙungiyar Swedish Colonial Society da ke duba takardun masu iƙirari irin naku.

Gwajin DNA kuwa kar ku dogara da shi sosai, bayan zuriya goma sha wani abu ɗan abin da ya rage a jini ba lallai ya fito ba, balle da yawa daga mutanen 'yan Finlan ne, don a lokacin Finlan tana ƙarƙashin Suwidin. In dai za a yi, a sami namiji mai sunan Yocum ta wajen surukinka a yi masa gwajin layin uba, shi ne zai iya taimakawa a gane ko Yocum ɗinku na sojan 1643 ne ko na Jamusawan baya.