Amsa: Sai da digirin likita ake binciken maganin ciwon daji?

Malama, a'a, ba sai kin zama likita ba. A jami'a ilimin ƙididdiga ake nema, da iya R ko Stata, wato manhajojin kwamfuta na nazarin bayanai.

Amma gyaran bayanai ne ke cinye yini. Majinyaciya ta daina zuwa asibiti, fayil ya yi shiru, ba a san ko ta rasu ko ta koma wajen mai maganin gargajiya ba. Hanyar Kaplan-Meier ta 1958, wadda ake lissafa tsawon rayuwar majinyata da ita, tana ƙirga ta har ranar da aka gan ta ƙarshe. Sai dai idan masu ɓacewar su ne jikinsu ya fi tsanani, maganin zai fito da kyan da ba nasa ba.

Ki fara gwada hannu da bayanan SEER, wato rumbun bayanan masu ciwon daji na Amurka, kyauta ne.