Amsar Tambayarka a Kan Da'ira da Al'adun da Suka Ginu a Kanta

Ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da mahaifiyarka da ƙannenka, saƙonka ya iso gare ni tare da hoton tambarin da kake zana wa ƙungiyar nan ta taimakon marayu. Ka ce malaminku ya koya muku cewa da'ira alama ce ta haɗin kai da dawwama a kowace al'ada ta duniya, kana kuma son sanin ko haka abin yake, da dalilin da ya sa al'ummomin da ba su taɓa haɗuwa ba suka yi tarayya wajen sa zobe da zama a kewaye. Malaminka ya faɗi gaskiya, amma bai faɗe ta duka ba, kuma abin da ya rage shi ne wanda mai zane irinka ya fi bukata, domin da'ira ba ta zuwa da ma'ana ɗaya tak a jikinta, mutanen kowane wuri ne suke ɗora mata abin da suka zaɓa.

Ka fara ajiye maganar ma'ana a gefe, ka dubi siffar da kanta. Ba ta da mafari balle ƙarshe, duk inda ka taɓa a gefenta tazararsa da cibiya ɗaya ce, sannan da zarar an zana ta ta raba fili gida biyu, ciki da waje. Babu ɗan Adam da yake bukatar malami kafin ya ga wannan, tunda rana ɗaya ce take fito wa kowa, wata ɗaya ne yake cika a daren sha huɗu, kuma ƙwayar idon da yake kallo da ita ma a kewaye take. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a tarar da mutanen da suka fara aikin Stonehenge, wani daɗaɗɗen wurin manyan duwatsu a Ingila, kimanin shekara 5,000 da suka wuce sun kewaye wurin, aka kuma jera duwatsunsa daidai da fitowar rana a yini mafi tsawo na shekara, a kuma tarar da Misirawa sun zana maciji yana cizon wutsiyarsa a kabarin Fir'auna Tutankhamun, suna nufin lokaci mai tafiya ya komo. Babu wanda ya ari abin daga wani, sama ɗaya suka kalla.

Zobe shi ne da'irar da ta fi kusa da jikin mutum, don haka bari in ɗan tsaya a kansa. A al'adar Turawa ango da amarya suna musayar zobba, ana fassara shi da alkawarin da ba shi da iyaka, kuma da yawansu a yatsa na huɗu na hannun hagu suke sa shi, bisa wani tsohon zato cewa akwai jijiyar da ta taso daga nan ta nufi zuciya kai tsaye, zaton da ilimin likitanci bai gaskata ba. Ko a cikin Turai ɗin ma ba a haɗu a kan hannu ɗaya ba, don a Rasha da Girka a dama ake sa shi. To amma zobe yana da wani aiki daɗaɗɗe wanda ba ruwansa da aure, wato zama hatimi. Lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi niyyar rubuta wa sarakuna wasiƙu, an gaya masa cewa ba sa karɓar takarda sai mai hatimi, sai ya sa aka ƙera masa zoben azurfa da aka rubuta "Muhammadu Rasulullah" a kansa. A nan zobe shaida ce ta wanda ya aiko da takarda da ikon da yake da shi, kuma har yau hatimin hukumomi da makarantu da yawa a kewaye ake yin sa. Ka ga abu ɗaya a yatsa, wani wurin yana nufin na ɗaure kaina da wani, wani wurin yana nufin ni ne mai maganar.

Zama a kewaye kuwa, a nan maganar malaminka ta fi ƙarfi. Idan mutane suka zauna a halƙa kowa yana ganin fuskar kowa, babu kan tebur balle ƙarshensa, babu wanda aka ajiye a kusurwa. A Masallacin Harami sahun sallah kewaye Ka'aba yake yi, masu ɗawafi suna zagaye bakwai Ɗakin yana hagunsu, sarki da talaka suna tafiya a kan hanya ɗaya. Masu siyasar duniya ma sun san nauyin wannan siffa sarai. A ƙarshen 1968, da za a faɗaɗa tattaunawar kawo ƙarshen yaƙin Biyetnam a birnin Paris, an shafe makonni ana jayayya a kan siffar teburin da za a zauna, domin Amurka da Biyetnam ta Kudu suna son a nuna ɓangare biyu ne suke fuskantar juna, ita kuwa Biyetnam ta Arewa da 'yan tawayen kudu suna son a nuna ɓangare huɗu ne masu matsayi ɗaya. Sai a watan Janairun 1969 aka daidaita a kan zagayayyen tebur, aka ajiye wasu ƙananan tebura biyu masu kusurwa a gefensa, kowa ya fassara zaman yadda ya ga dama. Abin da yake damuna a wannan labari shi ne ana ta mutuwa a fagen fama a tsawon makonnin nan, amma ya isa ya nuna maka cewa siffa ba ado ba ce kawai a wurin masu mulki.

Sai dai kada ka manta da cibiya. Da'irar da ta daidaita mazauna gefenta ita ce kuma take ɗaukaka wanda ya zauna a tsakiyarta. A shekarar 762 Halifa Mansur na Abbasiyawa ya kafa Bagadaza a kewaye, ya yi mata ƙofofi huɗu, ta Kufa da ta Basra da ta Khurasan da ta Sham, ya kuma gina fadarsa da babban masallaci a tsakiya, ta yadda duk hanyar da mutum ya biyo daga ƙofa wajen halifa take kai shi. Wannan birni bai ce kowa daidai yake da kowa ba, cewa ya yi duniya tana zagaye da mai mulki, kuma ganuwar da ta tsare na ciki ita ce ta hana na waje shiga.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe ido da kyau. A Japan idan malami ya kewaye amsar ɗalibi da jan alƙalami, nufinsa amsar daidai ce, alhali a ƙasashe da dama kuskure ake kewayewa da ja. Wannan bambanci ya kai har cikin na'urar wasan PlayStation: shekara da shekaru maɓallin da'ira shi ne na amincewa a Japan, maɓallin gicciye na sokewa, a Turai da Amurka kuwa akasin haka, sai a 2020 kamfanin ya mai da su tsari ɗaya. Ko a lissafi ma, ƙaramar da'irar da muke karantawa sifili a lambobin boko, a lambobin da ake rubutawa a Masar da Saudiyya biyar take nufi, sifilinsu ɗigo ne. Jan faifan da ke tutar Japan rana ce, rawayan da ke tutar Palau wata ne, ƙafar keke mai sanda 24 da ke tsakiyar tutar Indiya tun 1947 kuwa daga ginshiƙin Ashoka, wani sarkin Indiya na zamanin da, aka ɗauko ta, tana nufin tafarkin gaskiya da doka. Wanda ya haddace cewa da'ira haɗin kai ce kawai, duk waɗannan za su ɓace masa.

Su kansu tambarorin da ake kafa hujja da su a kan haɗin kai, idan ka lura, ba da'irar ce ta yi aikin ita kaɗai ba. Zobba biyar na gasar Olamfik, waɗanda Pierre de Coubertin, wanda ya farfaɗo da gasar, ya zana a 1913, tutarsu kuma ta fara bayyana a gasar Olamfik a birnin Antwerp a 1920, sarƙafewarsu da juna ce take cewa nahiyoyi sun haɗu, da a ce an jera su kowanne shi kaɗai da ba za su faɗi haka ba. Haka zobba huɗu na motar Audi, tunawa ce da kamfanoni huɗu na Jamus da suka haɗe a 1932. Tutar Turai kuwa, wadda aka ɗauka tun 1955, taurari goma sha biyu ne masu girma ɗaya aka jera a kewaye, an bar tsakiyar fili babu kowa, kuma rashin kowa a tsakiyar nan shi ne saƙon.

Wannan ya kawo ni ga zanenka, wanda na daɗe ina kallo. Ka yi jan zobe mai kauri a kan farin fili, ka sa hannu biyu suna musabaha a ciki, sannan ka rubuta sunan ƙungiyar a kan wata jar sanda da ta ratso daga sama ta hagu ta gangaro ƙasa ta dama. Hannayen sun yi kyau ƙwarai, musamman yadda ka sa ɗaya ya fi ɗaya ƙanƙanta, mai kallo ya gane babba ne ya riƙe yaro. Amma ɗana, jan zobe da sanda a karkace ita ce alamar hani da duniya ta sani. Yarjejeniyar alamomin hanya da aka ƙulla a Biyana a 1968 ta keɓe zagayayyen allo mai jan gefe ga abin da aka hana, zagayayye mai shuɗin fili ga abin da aka wajabta, kuma irin wannan jan zobe ne ake gani a kan hoton taba a asibiti da tashar jirgi. Ido yana karanta siffa kafin ya karanta rubutu, don haka wanda ya hango tambarinka daga nesa zai fara ganin an hana musabaha, sannan daga baya ya matso ya ga sunan marayu. Ba na so aikin da ka yi da zuciya ɗaya ya faɗi akasin abin da kake nufi.

Ba ina cewa jan zobe ya haramta ga mai zane ba. Alamar jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, wadda ta fara a 1908 a matsayin jan faifai, daga baya mai zanen haruffa Edward Johnston ya mai da ita zobe, ja ce, amma sandar da ta ratsa ta shuɗiya ce, a kwance take, kuma sunan tasha ne a kanta, shi ya sa ba wanda yake ɗaukarta alamar hani. Kwanciyar sanda ɗaya da launinta suka raba saƙon biyu.

Tunda sana'ar ka ɗauka da gaske, ka san cewa da'ira ma'auni ce a hannun masu zane tun kafin ta zama ado. Ibn Muƙla, wazirin Abbasiyawa da ya rasu a 940, shi ake danganta wa ƙa'idar auna haruffan Larabci: ɗigon alƙalami shi ne awo, tsawon alifi ana auna shi da adadin ɗigo, sannan a zana da'irar da faɗinta ya yi daidai da tsawon alifin, sauran haruffa su fito daga cikinta, ra'i rubu'inta, nun rabinta. Adon bangon masallatai da fadoji irin na Alhambra a Andalus ma da kamfas da rula ake fara shi, a zana da'ira, a raba gefenta gida shida ko takwas, a ja layuka daga nan, a ƙarshe a shafe da'irar, taurarin su rage. Mai kallo ba ya ganinta, amma ita ce ta riƙe komai a mazauninsa.

Akwai kuma wani abu da kwamfuta ba za ta gaya maka ba, wato ido ba ya auna da'ira yadda rula take auna ta. Idan ka ajiye da'ira kusa da murabba'i mai tsayi ɗaya da ita, da'irar za ta zama kamar ta fi ƙanƙanta, shi ya sa masu ƙera haruffan ɗab'i suke sa harafin O ya ɗan zarce layi sama da ƙasa, ya fi H kaɗan, don su yi kama da tsayi ɗaya. Waɗanda suka tsara tutar Bangaladash ma sun matsar da jan faifanta kaɗan zuwa ɓangaren sanda, domin idan iska tana kaɗa ta ya bayyana a tsakiya. A zanenka hannayen a tsakiyar lissafi suke, amma saboda babban hannun ya fi nauyi, hoton yana rinjaya zuwa dama, kuma ɗan matsarwa kaɗan zai gyara shi.

Shawarata ita ce ka cire sandar gaba ɗaya, ka rubuta sunan ƙungiyar a ƙarƙashin tambarin ko ka bi da shi ta gefen zoben, ka kuma sauya jan da wani launi. Sannan ka yi tunani a kan ko zoben ya kamata ya rufe. Masu zanen addinin Zen a Japan suna zana da'ira da jan burushi sau ɗaya, wasu su rufe ta, wasu su bar ɗan gurbi da gangan, kuma ni ina ganin ƙungiyar da aikinta karɓar yaron da ba shi da kowa ta fi dacewa da da'irar da aka bar mata ƙofa, ko ma a sa damatsan hannayen biyu su lanƙwaso su yi kewayen da kansu. Idan ka gama, ka rage shi zuwa girman farcen babban yatsa, ka buga shi da baƙi da fari, ka nuna wa mutanen da ba su san ƙungiyar ba, manya da yara, waɗanda suka yi karatu da waɗanda ba su yi ba, ka tambaye su abin da suka gani ba tare da ka yi musu bayani ba. Ka turo mini sabon zanen tare da amsoshin da suka ba ka.

Allah ya yi maka albarka, ya sa albarka a sana'arka.

Kawunka