Tambaya da Amsa: In Sayi Saba ko In Kama Haya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da kantin magani rassa uku, biyu a cikin Gombe, Pantami da Tudun Wada, ɗaya a Kumo. So nake lissafin kaya da na ciniki ya haɗu wuri guda. Yaron da ke mana aikin kwamfuta ya ce ko in sayi babbar kwamfutar ajiya, wato saba, ko in riƙa biyan hayar saba a intanet duk wata. Ni hankalina ya fi kwanciya da abin da na saya na ajiye. Me ka gani?
Daga wata Hajiya, Gombe

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Shawarata ki kama haya, kuma ƙarama.

Sayen saba kamar sayen bijimi ne don kiwo, ciyarwar ta fi kuɗin sayen nauyi. Ba a kashe ta dare da rana. Mai cin wat 200 kawai tana shan wuta yunit 144 a wata, ban da na'urar sanyaya ɗaki, wadda dole ce a zafin Maris da Afrilu na Gombe. Ga ƙurar hunturu mai toshe fanka. Sai kin tanadi sola da batura, ko janareta, kuma kin san yadda fetur ya koma tun cire tallafi a Mayun 2023. Abin da ya fi damuna shi ne, idan sabar tana Pantami aka ɗauke wuta can, mai sayarwa a Kumo ma ya makance, bai ga farashi ba, bai ga ragowar kaya ba.

Na taɓa zuwa wata makaranta a Bauchi da faifan sabarsu ya mutu cikin bazara, ya tafi da sakamakon ɗalibai, ba su da kwafi ko ɗaya. Har yau ina tuna fuskar shugaban makarantar.

Ita ma haya tana da nata ciwon, wato dala. A DigitalOcean, wani kamfanin bayar da hayar saba a intanet, ana samun ƙaramar saba ta dala 6 ko 12 a wata, kuma ta ishi lissafin kanti uku. Amma kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500. Hayar dala 12 ke nan ta tashi daga kusan naira 5,500 zuwa 18,000 ba tare da an ƙara wa mutum komai ba. AWS, wato sashen bayar da hayar saba na kamfanin Amazon, ta fara karɓar naira a Janairun 2025, sai dai farashin yana bin dala. Duk da haka, Hajiya, wannan kuɗin bai kai na man janareta ba.

Ki ce wa yaron ya zaɓo manhajar da ke ci gaba da aiki idan intanet ta yanke, ta tura lissafin daga baya. Asusun hayar kuma a buɗe shi da sunanki da imel ɗinki, kalmar sirri tana hannunki, domin yaro yana iya samun aiki a Abuja gobe. Duk Juma'a a sauke kwafin lissafin a faifan waje, ki tafi da shi gida.