Ƙanwata mai dambun nama, ga abin da na gani a daren ɗanɗana giyar inabi a Liyon

Salamu alaikum ƙanwata. Kin ce shekararki uku a Faransa kina sana'ar dambun nama da ƙosai da zoɓo, mai kantin giyar inabi na unguwarku ya ɗanɗana abincinki ya yaba, yanzu yana so ki riƙa kawo abinci a daren da yake tara masu sayayya a wurinsa su ɗanɗana giya, kuma ya yi miki maganar rumfa a bikin abincin unguwa. Kina so ki san yadda abin yake, ko da riba, ko kuma da abin da zai sa ki da-na-sani. Ni 'yar Damagaram ce, shekarata goma sha ɗaya a Liyon ina wannan sana'a, kuma irin wannan tayin ya taɓa zuwa mini na karɓa, don haka bari in ba ki labari dalla-dalla.

Mutumin nan abu biyu ya haɗa miki a magana ɗaya, alhali hanyarsu daban. Daren ɗanɗanawa nasa ne. Bikin abinci kuwa yana iya zama naki, in kin tsaya da ƙafarki.

Ga yadda daren yake. Wajen ƙarfe bakwai na yamma sai ya rufe ƙofar kanti, a jera dogon tebur tsakanin kantocin kwalabe. Inda na yi aiki mutanen ba sa wuce ashirin, yawancinsu 'yan unguwa ne da suka biya kuɗin shiga tun kafin ranar. Ana fito da iri biyar ko shida. Kwalba ɗaya santilita 75 ce, abin da ake ɗiga wa kowa a kofi bai fi cokali uku ba, shi ya sa kwalba guda take zagaye teburin duka. Kowa ya ɗaga kofinsa ya dubi launi, ya jujjuya, ya cusa hanci ya shaƙa, ya kurɓa ya kurkure baki, sannan da yawansu su tofar a wani ɗan bokiti da aka ajiye musamman don haka. Ranar farko sakin baki na yi. Na ce a raina, ka biya kuɗi ka zo kana tofar da abin da ka biya, lallai in da ranka ka sha kallo. Suna da tsari kuma: farar giya kafin ja, marar nauyi kafin mai nauyi, mai zaƙi can ƙarshe. Wani lokaci manomin inabin da kansa yake zuwa ya yi ta bayanin ƙasar gonarsa da ruwan saman da aka yi shekarar, kamar dai yadda manomin gero yake labarin damina. Da an gama sai takardar oda ta zagaya, kowa ya rubuta katan nawa yake so, katan mai kwalba shida. Wannan takardar ita ce dalilin taron gaba ɗaya.

Kada ki ga laifinsa, ciniki ne ya matse su. A shekarun 1960 Bafaranshe ɗaya yana shan fiye da lita 100 a shekara in an raba, yanzu abin ya sauko wajen 40. Manyan kantuna kuma kowane watan Satumba suna buɗe kasuwar giya mai rahusa, al'adar da kantunan Leclerc suka faro a 1973, ƙaramin mai kanti ba ya iya karawa da su a farashi. Ga dokar Evin ta 1991 da ta hana tallar barasa a talabijin ta kuma taƙaita ta a sauran wurare. Abin da ya rage masa shi ne ya san masu sayensa ido da ido, ya zaunar da su, ya ba su labari. Abincinki yana cikin dabarar zaunar da su.

To a nan na fara cin karo. Ni a tunanina an kira ni ne don a ci abincina, sai na zage na yi tsire irin na gida, yaji har yaji, barkono da citta da masoro ban rage komai ba. Aka zo kan wata jar giya mai nauyi wadda mai kantin yake ta alfahari da ita, mutane suka ci tsire suka kurɓa, sai na ga fuskoki suna yamutsewa, wani dattijo har da hawaye. Daren nan ba a sayi ko katan ɗaya na wannan giyar ba. Da aka watse ya ja ni gefe, cikin ladabi dai amma ransa a ɓace, ya ce barkono yana kashe harshe, barasa kuma tana ƙara masa zafi, jar giya mai ɗaci-ɗaci in ta haɗu da yaji sai ɗacin ya ninka. Ya ce abinci mai yaji farar giya mai ɗan zaƙi yake so, irin ta yankin Alzas, ko giya mai launin ruwan hoda mai sanyi. Ni ban taɓa kai ta bakina ba, maganarsa na riƙe, kuma na ga ta tabbata a dararen da suka biyo baya. Ashe a teburin nan giya ce amarya, abinci ɗan rakiya ne kawai.

Daga nan na koyi aikin. Yaji a ɗan kwano daban, mai so ya dangwala. Komai loma ɗaya, domin hannu ɗaya yana riƙe da kofi. A tsane mai sosai, ƙosai mai naso yana ɓata musu kofuna da shatin yatsa, su kuwa ta jikin kofin suke kallon launi. Daddawa ki bar ta a gida. Dambun nama shi ya fi karɓuwa, na kan ɗora shi kan 'yar ƙaramar waina, sai kilishi mai sauƙin yaji da aka yayyanka ƙanana. Sannan wani abu da babu wanda ya faɗa mini sai da na yi: ƙamshin jiki. Na je dare na biyu na turara kayana da turaren wuta na shafa humra, kamar yadda kowace 'yar mutunci take fita. Wata mata ta ce ita sandal kawai take ji a kofinta. Rabin aikinsu da hanci suke yi, su kansu ba sa fesa turare in za su zo.

In kin karɓa, kada ki fara da daren sabuwar giyar Bojole. Ranar Alhamis ta uku ce a watan Nuwamba, tun 1985 aka tsayar da ita haka, kuma yankin Bojole nan yake arewa da Liyon, saboda haka mu nan abin a ƙofar gida yake. Wannan dare ba na tofarwa ba ne, na sha ne, da kiɗa da hayaniya har kan titi, abincinsa na gado kuma tsiran naman alade ne. Na yi shi sau ɗaya, ban sake ba.

Tunda na ambaci alade, ki sa ido. Farantin da suka saba ci da giya cuku ne da burodi da yankakken naman alade kala-kala, kuma Liyon ta yi suna a wannan. Ba da mugunta ba, sai ki ga an ɗauki kilishinki an jera shi kan katako ɗaya da nasu, an yanka da wuƙa ɗaya, don a wurinsu duk busasshen nama ne. Ki zo da farantanki da wuƙarki da cokulanki, ki faɗa tun farko cewa ba a haɗawa.

Yanzu ga inda na san zuciyarki take, ko da ba ki fito fili kin faɗa ba. Ni da ke mun san hadisin da ya la'anci mutum goma a kan giya, har da mai ɗaukarta da mai zuba ta da mai sayar da ita, da kuma wanda ya hana mai imani zama a teburin da ake zagayawa da ita. Ni ba malama ba ce, abin da ya faru da ni kawai zan faɗa. Da farko na ce ai abinci na kawo, ruwana da kwalba. Amma in kina tsaye a ɗaki mai mutum ashirin da ma'aikaci ɗaya, dole wani ya ce miki, don Allah miƙo mini kwalbar can. Ki ƙi, kin zama marar kirki. Ki miƙa, ki kwana kina juyi. Sai na canza sharaɗi: ina kawo abinci rabin awa kafin a fara, in jera, in karɓi kuɗina in tafi, washegari in dawo ɗaukar kwanuka. Haka na yi kusan shekara biyu. Daga baya na zauna da wani malami da ya daɗe a ƙasar nan ya san yadda ake neman abinci a cikinta, ya tambaye ni abu ɗaya: in ba don a sayar da giyar ba, za a kira ki? Ban da amsa, domin na riga na ga takardar odar nan da idona. Na daina. Na san 'yan'uwa mata da suka tsaya a kan kawowa su tafi, ban kuma ɗauke su mutanen banza ba, akwai mai kuɗin haya a wuya da yara uku. Ke dai ki yanke naki tun kafin ki shiga ɗakin, kada sai kwalba tana hannunki.

Ki kuma yi maganar hoto. Suna ɗauka su sa a Facebook da Instagram don talla. Nawa ya fita ina murmushi, kwalabe jere a bayana kamar ni ce mai kantin, kafin sati ya zagayo ya isa wayar innata a Damagaram. Abin da na sha a waya ba ya faɗuwa.

Takardu kuwa babu wasa, ko dare ko biki. Ki yi rajistar ƙaramar sana'a ki samu lambar SIRET, don mai kanti zai nemi takardar biya. Ki yi horon tsaftar abinci na awa 14. Tunda kina taɓa nama, sai kin sanar da ofishin kula da lafiyar abinci na jiharku, wanda ake kira DDPP. Dokar Tarayyar Turai ta lissafa abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, dole a rubuta in suna cikin abinci, kuma gyaɗa tana ciki. Mu kuwa labun kilishi tunkuza ce, yajin tsire ƙuli-ƙuli ne, wani lokaci har man suyar na gyaɗa ne. A nan akwai wanda loma ɗaya za ta kai shi asibiti, ki rubuta da manyan baƙi ki kafa gaban faranti. Kuma kada ki yarda a kawo miki kilishi daga gida a cikin akwati ki sayar, an hana shigo da nama Turai a kayan matafiyi. Ni a tanda nake busar da nawa da wuta ƙasa-ƙasa, ba ya kai na rana daɗi, amma ina barci lafiya. Abinci mai zafi ya zauna a digiri 63 ko sama, mai sanyi kada ya haura 4.

Biki shi ne inda na samu kaina. A can rumfa taki ce, sunanki ne a sama, yaji yadda kike so, wanda ya zo kuma don abinci ya zo. Ana sayar da barasa a wata rumfar, kamar yadda ake sayarwa a babban kantin da kike cefane, amma ba hidimarta kike yi ba. Kada ki fara hangen manya irin bikin abincin titi na Liyon da aka soma a 2016, wannan sai mai ma'aikata da jari. Ki fara da na unguwa wanda ƙungiyoyi da ofishin magajin gari suke shiryawa, ko makon ɗanɗano da ake yi a watan Oktoba. Sai dai ki tambayi mutumin naki da kyau: rumfar da sunan wa za a rubuta, kuma kwalabensa za su hau tebur ɗaya da kwanukanki? In amsar e ce, daren ɗanɗanawa ne aka fito da shi waje. Ki je wurin masu shirya bikin ki nemi taki. Ki ji ko kuɗin wuri ake biya ko kaso ake cira daga ciniki, ko akwai lantarki, da abin da zai faru in ruwa ya sauko. Abinci kala biyu ya isa, layi ba ya jiran mai kala bakwai. Ki nemi na'urar karɓar kati, mutanen nan ba sa yawo da tsabar kuɗi.

Abin da ban zata ba shi ne zoɓo. Tun a dararen can na lura kullum akwai wanda ba ya sha: mai ciki, ko wanda zai tuƙa mota tunda doka ba ta yarda a wuce giram 0.5 a litar jini ba, ko masu hutun barasa na watan Janairu. Ruwa kawai ake ba su. Na fara kawo zoɓo mai citta da kanumfari, na rage sukari sosai don su ba sa son zaƙi irin namu, aka zuba musu a irin kofin kowa, launin ma kusan ɗaya. Bayan na bar kai abinci, mai kantin ya ci gaba da aiko mutane wurina saboda shi, kuma a rumfa har yau shi yake fara ƙarewa kafin dambu. Ganyen ina samunsa a kantunan 'yan Afirka na unguwar Giyotiyar, ke ma ba za ki rasa irinsu kusa da ke ba. Ki dafa ana gobe biki, ki ajiye a firji, abin da ya kwana uku ki zubar. Zoɓo mai sukari in ya zauna a ɗumi tsami yake yi ya fara kumfa, na taɓa buɗe jarka guda da rana a watan Yuli ta yi mini tsartuwa har fuska.