Tambayi Barista: Wai za su iya ƙwace wa 'ya'yana fasfon Birtaniya?

Assalamu alaikum Barista, barka da ƙoƙari Allah ya saka da alheri. Ni 'yar Kano ce amma aure ya kawo ni Ingila shekara da shekaru, yarana uku duk anan na haife su kuma duk suna da fasfo ɗin Birtaniya, nima daga baya na nema aka bani. Toh kwanaki ne a wajen wani suna wata baiwar Allah take cewa wai kar mu sake mu yi wa yara koren fasfo na Najeriya, wai duk mai ƙasa biyu gwamnatin nan tana iya ƙwace masa nata duk ranar da ta ga dama ta ce ya koma inda ya fito, wallahi tun ranar hankalina bai kwanta ba don mun shirya zuwa gida hutu kuma har maigida ya fara cike musu fom. Dan Allah gaskiya ne? In gaskiya ne ai gara mu bar su da guda ɗaya ko?
Daga wata 'yar'uwa a Birmingham

Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya raya zuri'a. Maganar wannan baiwar Allah akwai gaskiya a ciki akwai kuma inda ta kuskure, kuma inda ta kuskuren shine ya fi shafarki. Ita tana ganin kamar koren fasfon ne zai mayar da yaran 'yan ƙasa biyu. A'a, tun ranar da kika haife su suke 'yan ƙasa biyu. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 cewa yayi duk wanda aka haifa a waje matuƙar uwarsa ko ubansa ɗan Najeriya ne toh shima ɗan Najeriya ne ta hanyar haihuwa, babu fom babu rantsuwa, ko bai taɓa taka Kano ba ko bai iya cewa "ina kwana" ba. Fasfo takarda ce kawai da take nuna abinda dama akwai shi. Kenan ki yi musu ko kar ki yi musu, a idon doka duk ɗaya ne, sai dai in baki yi ba ki sha wahalar nema musu bizar shiga ƙasar ubansu.

Yanzu ga inda ta yi gaskiya. Dokar zama ɗan ƙasa ta Birtaniya ta 1981, sashe na 40, ta ba sakataren harkokin cikin gida, wato ministan cikin gida, ikon cire mutum daga ɗan ƙasa idan ya gamsu cewa yin hakan maslaha ce ga jama'a. Da can wannan iko akan waɗanda suka nemi zama 'yan ƙasa daga baya kawai yake aiki, sai a 2002 bayan harin 11 ga Satumba da aka kai Amurka aka faɗaɗa shi ya haɗa har da haifaffun ƙasar, a 2006 bayan bama-baman Landan aka ƙara sassauta sharaɗin ya zama wannan "maslahar jama'a" ɗin. Ba sai kotu ta kama mutum da laifi ba fa, minista ne zai sa hannu, kai kuma ka je ka ɗaukaka ƙara daga baya. Babban birkin da dokar ta sa masa akan haifaffun ƙasar shine kada ya bar mutum ba shi da ƙasa kwata-kwata. Toh kinga anan gizo ke saƙar, don Baturen da iyaye da kakanninsa duk 'yan yankin Yorkshire na Ingila ne ba shi da wata ƙasar, saboda haka ko me ya aikata sai dai a ɗaure shi a gida, amma ɗan Kanawa ko ɗan Pakistan da aka haifa a asibiti ɗaya da shi rana ɗaya, shi ana iya cewa ai yana da wajen zuwa.

Shari'ar Shamima Begum ce ta fito da abun fili kowa ya gani. Yarinyar haifaffiyar Ingila ce iyayenta 'yan asalin Bangladesh, ta gudu daga gabashin Landan a Fabrairun 2015 tana shekara 15 ita da ƙawayenta biyu suka tafi Siriya wajen ƙungiyar 'yan ta'adda ta IS, sai a Fabrairun 2019 wani ɗan jarida ya ganota a sansanin al-Hol, kwanaki kaɗan Sajid Javid wanda shine sakataren cikin gida a lokacin ya soke mata zama 'yar Birtaniya. Bata taɓa riƙe fasfon Bangladesh ba, ita kanta Bangladesh ɗin ta fito ta ce ba tata bace kuma ba zata karɓe ta ba, amma kotun musamman da ke jin irin waɗannan ƙararraki ta duba dokar Bangladesh ta ce a rubuce dai 'yar ƙasar ce ta wajen iyaye tunda bata kai shekara 21 ba, don haka ba a barta babu ƙasa ba. Kotun ƙoli a 2021 ta ce ba sai an dawo da ita Ingila don ta bi shari'arta ba, ta faɗi ƙara a 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta sake kayar da ita a Fabrairun 2024. 'Ya'ya uku ta haifa a can duk sun rasu. Ni ba kare ta nake ba, abinda IS ta yi wa bayin Allah mu da muka ga Boko Haram ba sai an bamu labari ba, amma a ganina, ku hukumomin Birtaniya, yarinyar da aka haifa a ƙasarku tayi makarantarku aka yaudare ta a ƙarƙashin hancinku tana shekara 15, ku ya kamata ku kawo ta ku yi mata shari'a, ba ku jefa wa wata ƙasar da bata san ta ba. Hakan suka yi wa Kanada ma da wani Jack Letts a 2019, shi ta wajen uba yake ɗan Kanada, kuma Kanada ta fito ta nuna ɓacin ranta ƙarara.

Ki lura da abu ɗaya, na Bangladesh yana faɗuwa in yaro ya kai 21 bai nemi riƙe shi ba, namu na Najeriya baya faɗuwa har mutuwa. Kuma ba zaki iya ajiye musu shi a madadinsu ba, sashe na 29 ya ce sai wanda ya cika shekara 18 ne zai rubuta da kansa cewa ya bar zama ɗan Najeriya shugaban ƙasa ya sa a yi rajista. Ni kuwa ko ɗana ne ba zan bashi shawarar ya yi ba.

Dalili, wa ake yi wa wannan ƙwacen a zahiri? Mafi yawa masu alaƙa da ta'addanci ne da leƙen asiri da manyan 'yan ƙungiyar laifi, shekarar da abun ya fi yawa 2017 ce lokacin yaƙin Siriya, mutum ɗari da 'yan kai. Ba a ƙwace wa mutum fasfo don tarar mota ko rigimar haraji ko faɗa da maƙwabci. Eh a 2022 sun ƙara wa ministan ikon yin hakan ba tare da ya sanar da mutum ba a wasu yanayi, wannan kam ya tada ƙura sosai kuma ya cancanci a yi surutu akai, amma bai canza irin laifin da ake kamawa ba.

Inda nake so ki buɗe kunne shine naki fasfon ke da maigida, ba na yara ba. Wannan sashe na 40 ɗin yana da wani reshe da ya ce duk wanda ya samu zama ɗan ƙasa ta hanyar ƙarya ko ɓoye gaskiya ana iya karɓewa, ko bayan shekara ashirin ne, kuma anan babu ruwansu da ko zai rasa ƙasa. Mutanenmu kuma kinsan halinmu da takarda, wannan ya rage shekaru wancan ya shigo da sunan yayansa wani yace shi ɗan wata ƙasar da ake yaƙi ne don a bashi mafaka, wani auren biza ne. In duk abinda kuka rubuta tun daga bizar farko gaskiya ne toh ki kwanta kiyi barcinki ki ƙarasa cike fom ɗin yara, in kuma akwai wata 'yar murɗiya a baya ku nemi lauyan shige da fice na nan Ingila tun kafin wasiƙa ta zo, kar ku tsaya jin shawarar wajen suna.

*

Barista ina wuni. Mahaifina mutumin Maraɗi ne mahaifiyata 'yar Jibiya, a Katsina aka haife ni anan nayi karatu anan nake kasuwa. Duk sanda muka yi musun siyasa sai wani yace min in yi a hankali ni ba ɗan ƙasa bane za a iya tasa ƙeyata. Akwai wannan a doka?
Daga wani ɗan kasuwa a Katsina

Lafiya lau Alhaji, ka ce da mai faɗa maka haka ya je ya karanta sashe na 25, an haife ka a Najeriya mahaifiyarka 'yar Najeriya, ko kaka ɗaya ce ma 'yar ƙasa ta isa, kai ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Sashe na 30 da ya ba shugaban ƙasa ikon cire mutum ya keɓe ɗan ƙasa ta haihuwa, bai isa ya taɓa shi ba, waɗanda suka nema aka basu ne kawai abun yake hawa, misali wanda aka ɗaure shekara uku ko fiye cikin shekara bakwai da bashi takardar. Sashe na 28 kuma bai hana ka riƙe ta Nijar ba in kana so.

An taɓa gwadawa ai. A Janairun 1980 zamanin Shagari gwamnatin tarayya ta kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin tsohuwar jihar Borno ɗan jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim, aka tsallakar da shi Chadi wai ubansa mutumin can ne. Babbar kotu a Maiduguri ta ce ɗan Najeriya ne korar haramun ce har ta sa a biya shi diyya, gwamnati ta ɗaukaka ƙara ta sake faɗuwa, har gobe ɗaliban lauya suna karanta wannan shari'ar.

Sai dai in zaka karɓi takardun Nijar ka san can lissafin ya canza, don a 2024 gwamnatin soja ta Janar Tiani ta yi dokar da ta bata damar janye zama ɗan ƙasa na wucin gadi daga waɗanda take zargi da cin amanar ƙasa ko ta'addanci, kuma a Oktoban shekarar ta fara da mutum tara na kusa da hamɓararren shugaba Bazoum ciki har da tsohon minista Rhissa Ag Boula. Kai dai ka adana takardar haihuwarka da takardar shaidar ƙaramar hukumar mahaifiyarka waje guda, ka yi musu hoto a waya, don ranar da wani jami'i zai tsare ka a hanyar Jibiya su zai tambaya.