Makarantar ta ce ita ce lamba ɗaya, in sayar da filina?

Tambaya: Salam Malam. Ɗana ya gama digiri a jami'ar KNUST ta Kumasi yana son yin MBA, wato digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci, wata makaranta a Accra ta turo masa takarda wai ita ce lamba ɗaya a Afirka ta Yamma, har da hoton kambun yabo. Filina na Aboabo zan sayar in biya, wallahi ko barci ba na iyawa. Ya zan gane gaskiyarsu?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, kar ki taɓa filin nan tukuna.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya kullum shi ne mutanenmu sun ɗauki kambu a matsayin shaida. Kambun gilashin nan da yawansu kuɗin tebur ake biya a otal, a ci a sha, a kira sunan makaranta a miƙa mata, kafin sati ya zagayo hoton ya hau allon talla a bakin titi. Wa ya auna, da me ya auna? Kina tambaya sai kame-kame. Jaridar Financial Times da ke jera makarantun MBA tun 1999 ba ta ma kallon makaranta sai AACSB ko EQUIS, masu tantance ingancin makarantun kasuwanci a duniya, sun tantance ta, sannan ta bi ɗaliban da suka gama shekara 3 baya ta tambayi albashinsu. A Amurka ma an yi, Moshe Porat tsohon shugaban makarantar kasuwanci ta Jami'ar Temple, kotu ta same shi da laifi a 2021 saboda ƙaryar alƙaluma don su hau saman jeri, har kurkuku ya je, to ina ga wanda ya buga nasa kambun a firinta? Akwai kuma dabarar rubuta “mamba a AACSB”, alhali zama mamba daban, tantancewa daban, iyaye nawa aka yi wa wannan rufa ido, abin na min ciwo.

Ɗanki ya duba wajen GTEC, hukumar kula da manyan makarantun Ghana da ta gaji tsohuwar hukumar tantancewa ta NAB a 2020, ko shi wannan kwas ɗin kansa yana da amincewa kuma wa'adinta bai ƙare ba, don sunan makaranta kaɗai bai isa ba. Ya kwatanta kuɗinsu da na Jami'ar Ghana ta Legon da cibiyar koyar da gudanarwa ta GIMPA a Accra, da kuma KNUST da ke nan kusa da ku. Sannan ya nemo mutum uku da suka gama can da kansa, ban da waɗanda makarantar za ta haɗa shi da su, ya ji ina suke aiki yanzu. In ya samo ki sake rubuto min.